Baƙi Sun Ci?

Erdington, Birmingham
Farkon watan Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Jedidiah,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara. Yaya gwiwar? Ina fata kina bin abin da likita ya ce tun bayan aikin da aka yi miki, ba kina ta hawa benen nan kina sauka kamar an aike ki ba.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Dalili kuwa, duk lokacin da na kira ki a kan maganar Mama, kafin in kai ƙarshen magana kin riga kin yanke mini hukunci. Takarda ba a katse ta. Don Allah ki karanta har ƙarshe kafin ki fara faɗa.

Mama ba ta cin abinci. Tun ƙarshen bazara abin ya fara, yanzu ya yi tsanani. Shayi kawai take kurɓa, shi ma sai an yi ta lallashi. Zoben aurenta ya soma zamewa daga yatsa, har na cire na ajiye. Ma'aikatan care home ɗin, wato gidan kula da tsofaffi da take zaune, suna auna nauyinta kamar yadda ƙa'idar gwamnati ta ce, kuma duk awo sai an ga ta ragu. Sun canja mata abinci, sun gwada mai laushi, ni ma na kai mata faten acca da matata ta dafa. Ta kalla, ta yi godiya, ta rufe kwanon ta ture gefe.

Na tambaye su me ya sa ba za su matsa mata ba. Suka ce ƙa'ida ta hana a ɗura wa mutum abinci idan ya ce a'a, ko da yana da ciwon mantuwa. Ni ma na ga gaskiyarsu. Ba zan so a danne Mama ana tura mata cokali ba.

Abu mai nauyin shi ne wannan. GP, wato likitan da ke kula da ita, ya duba ta, ya ce ciwon mantuwa idan ya kai ƙarshe, jiki da kansa yake daina neman abinci. A ƙarshen wata za a yi zama da shi da manajar gidan da ma'aikaciyar council, wato ƙaramar hukuma. Idan ba a ga canji ba, za su daina ƙoƙarin maido da ƙarfinta, su koma kula da ita irin ta wanda ake jiran lokacinsa. Gara ki ji daga bakina.

Ki gaida kowa. Ubangiji ya ƙara miki sauƙi.

Yayanki,
Kambai

*

Moss Side, Manchester

Yaya Kambai,

Na gaishe ka, na gaida Anti matarka da yara. Gwiwa da sauƙi, ba ita ce damuwata ba.

Na karanta har ƙarshe, sai ka yi murna. Ƙa'ida, ƙa'ida, ƙa'ida! Ka daɗe kana koya wa mutane tuƙi har ka ɗauka rayuwa ma jarrabawar tuƙi ce, in an kunna sigina an duba madubi shi ke nan an yi daidai. Uwarmu tana ƙarewa kana yaba musu awo.

Mama Margaret ce fa muke magana a kanta. Matar da ta ciyar da rabin Zonkwa, ta zo Ingila ta ciyar da duk ɗalibin da ya sauka a Birmingham da akwati ɗaya. Ita ce za a ce yunwa za ta kashe a gidan da gwamnati ke biya a ciyar da ita? Ban yarda ba. Da Ista na zo, a gabana ta gane ni, ta ce na yi ƙiba, ta tambaya ko na sa wa yara man shafawa. Wanda ya kai ƙarshe ba ya zagin ƙibar mutane.

Da ba don ƙafar nan ba, da tuni na hau jirgin ƙasa na zo na ɗauke ta. Na sani, za ka ce gidana bene ne, banɗaki a sama, ni kuma ina fita aikin kicin ɗin makaranta tun da safe. Duk na sani. Amma aƙalla a gabana za ta kasance.

Tunda ka iya rubutu haka, yi mini wani. Kada ka gaya mini abin da GP ya ce. Ka gaya mini abin da Mama ta ce. Ina take zama idan an kawo abincin? Wa ke kawowa? Me ya faru a ƙarshen bazarar da ka ce abin ya fara? Mutum ba ya kwana yana ci ya tashi ya daina haka kawai.

Ina kuka ina rubuta wannan, don haka kada ka ga haushin rubutun.

Ƙanwarka,
Jedidiah

*

Erdington

Ƙanwata Jedi,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban ji haushi ba. Na je na zauna da Inaya, ma'aikaciyar da ta fi kula da Mama, ta ba ni labari dalla-dalla.

Da can Mama tana zama a babban ɗakin cin abinci tare da kowa. Ko a lokacin ba ta cika ci a teburi ba, sai dai daga baya a gan ta tana tsintar ɗan abin da ya rage kafin a kwashe. Matsalar ita ce ta ɗauki ɗabi'ar tura keken guragunta daga teburi zuwa teburi tana raba wa mutane abincinta. Akwai wani tsohon Bature, Mista Bartholomew, wanda shanyewar jiki ta taɓa masa maƙogwaro, abinci mai laushi kawai aka yarda ya ci. Ran nan Mama ta ga kwanonsa duk dame-dame, sai ta ɗauki naman kazarta ta sa masa. Ya ci, ya shaƙe. Da ƙyar aka ceto shi.

Ba wanda ya zargi Mama. Amma dole gidan ya kai rahoto, dole kuma ya nuna matakin da ya ɗauka don kada a sake. Matakin shi ne a riƙa kai mata abinci ɗakinta. Na sa hannu a lokacin, don na ga hankali a ciki. Ban gaya miki ba saboda kina shirin shiga asibiti.

Kin ce in faɗi abin da take cewa. Ba wani abu ba ne mai ma'ana. Turancinta ya gudu kusan duka, Hausa take yi, wani lokaci yarenmu. Idan an kawo tire sai ta juya kekenta ta fuskanci ƙofa, ta ce, "Baƙi sun ci?" Inaya ba ta jin Hausa, murmushi kawai take yi mata. Ni kuma in ina nan sai in ce, "Mama, babu baƙi, nan care home ne, ki ci abincinki." Sai ta dube ni kamar na yi rashin kunya, ta rufe kwanon da faranti, ta ce a ajiye. Idan lokacin kwashe kwanuka ya yi, a ɗauke shi yadda aka kawo.

Iyakar abin da na sani ke nan. Ban ga abin da zai canja ba, amma kin tambaya.

Yayanki,
Kambai

*

Moss Side

Yaya! Yaya Kambai!

Gaisuwa daga baya. Amsa mini tambaya ɗaya tsakaninka da Allah: tun da aka haife ka, ka taɓa ganin Mama tana cin abinci?

Zauna ka yi tunani. Ba ka taɓa ba. Kai ɗan fari ne, namiji. Kai da Baba ake fara zuba wa, a falo, da ruwan wanke hannu a gefe. Kuna gamawa ka miƙe ka tafi ƙwallo. Ni ce nake kwaso kwanukan in kai kicin, kuma ni na san abin da ke faruwa a can. Sai Mama ta buɗe kowane kwano ta duba. In ta ga an cinye, ta ce madalla. In ta ga saura, ta aike ni in tambaya ko miyar ce ba ta yi ba. Sai ta tabbata kowa ya ƙoshi, har mai gadin coci da ya leƙo gaisuwa, sannan ta jawo 'yar kujerarta ta zauna ta ci daga cikin tukunya, da ƙanzo da komai. Ko ranar bikina haka ta yi, da ashobinta a jiki.

Yanzu ka duba da idonta. Ta farka a wani babban gida cike da tsofaffi, ana ta kai da kawo da kwanuka. A wurinta wannan gidanta ne, waɗannan kuma baƙinta ne. Ta ga an ba wani bawan Allah dame-dame ba nama, ta ji kunya ta kama ta, ta ba shi nata. Sai kuka ɗauke ta kuka rufe a ɗaki, inda ba ta ganin ko an ba baƙin abinci ko an bar su da yunwa. Kullum tana tambayarku, kai kuma kana ce mata babu baƙi. Tana jin ƙarar cokula ta bango, Yaya! Ta san ƙarya kake yi.

Mama ba ta daina jin yunwa ba. Jira take yi. Tun bazara take jira a ce mata an gama.

Kada ka tsaya rubuta mini amsa. Ka tafi yau, idan ta tambaya ka ce, "Sun ci, Mama, sun ƙoshi, suna godiya." Ka ga abin da zai faru.

Na kuma rubuta wa Hajar, yarinyar Katsinan nan da ta zauna wurin Mama shekarar da ta zo karatu. Tana Balsall Heath har yanzu, kuma bincikenta a jami'a a kan kula da tsofaffi ne. Za ta neme ka.

Yanzu ga gaisuwar: ina gaida Anti da yara.

Jedidiah

*

Erdington

Jedi,

Na yi tunanin kamar yadda kika ce. Ban taɓa gani ba. Na zauna a mota a bakin gidan na kasa fitowa na ɗan lokaci.

Na faɗa mata abin da kika ce. Fuskarta ta saki, har ta kai hannu kan faranti. Sai ta tsaya ta ce, "Ina kwanukan?" Na ce an wanke. Ta ce, "Ban gani ba." Ta janye hannunta. Kin san Mama, ba a yi mata wayo a kan abinci.

Na samu manaja na roƙe ta a mai da Mama ɗakin cin abinci, a bar ta ta ga an gama, sannan a ba ta nata. Ta saurare ni da mutunci, amma ta ƙi. Ta ce ba za ta sake sa ran Mista Bartholomew cikin haɗari ba, abinci kuma yana da lokacin da ake kwashe shi, sannan idan masu duba gidaje na hukuma suka zo suka tarar an warware matakin da aka ɗauka, gidan ne zai sha. Ta ce, "Ƙa'ida ce ta ɗaure ni." Kin ga kalmar tawa ta dawo mini.

Zaman saura mako guda. Ki yi mana addu'a.

Kambai

*

Balsall Heath, Birmingham

Zuwa ga Yaya Kambai,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya jikin Mama? Allah ya ba ta lafiya, ya saka mata da alheri.

Takardar Anti Jedidiah ta same ni, kuma wallahi sai da na yi hawaye. Azumina na farko a ƙasar nan a gidan Mama na yi shi. Ita da ba ta azumi, ita ke hawa bas har nan unguwar ta sayo naman halal, ta dama kunu, ta tsaya a ƙofar kicin tana kallon agogo tare da mu. Muna buɗa-baki tana tsaye. Sai yanzu na lura ni ma ban taɓa ganin ta zauna ta ci ba.

Yaya, manajar ba muguwa ba ce, tsoro take ji, kuma rabin ƙa'idar ta riƙe. Gaskiya ne dole gida ya kare mazauna daga haɗari. Amma ƙa'idojin nan dai su ne suka ce kulawa ta dace da mutumin da ake kula da shi, da abin da ya saba da abin da yake so. Su ne suka ce a biya masa bukatar ci da sha tare da la'akari da al'adarsa da addininsa, a kuma saurari danginsa wajen tsara yadda za a kula da shi. Ba a ce a kawar da haɗarin wani ta hanyar jefa wata cikin yunwa ba. Masu dubawar da take tsoro, idan suka tarar da mace ta rame haka alhali iyalinta sun faɗi dalili ba a gwada ba, wannan ma tambaya ce da za ta amsa.

Shawarata, kada ka je da faɗa, kada kuma ka je da roƙo. Ka je da tsari wanda ya kare Mista Bartholomew ya kuma ciyar da Mama, ka nemi a gwada kafin a yanke komai. Zan zo in zauna kusa da kai in sha Allah, amma kai za ka yi magana. Anti ta ce duk Birmingham ba wanda ya kai ka son ƙa'ida. To ranarka ta zo.

Ka gaishe mini da Mama, ko da ba za ta gane sunan ba.

Ƙanwarku,
Hajar

*

Erdington
Farkon watan Nuwamba

Ƙanwata Jedidiah,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji mai aminci. Ki nemi wuri ki zauna saboda gwiwar nan, kada ki yi tsalle.

An yi zaman. Na sa kwat ɗina na coci. GP ya fara bayaninsa, da ya gama na ce ina da tambaya: a cikin duk abin da aka rubuta game da Mama, akwai inda aka faɗi yadda ta saba cin abinci a rayuwarta? Aka duba, babu. An rubuta ba ta son madara mai sanyi, an rubuta cocinta, amma wannan babu. Na ce laifin nawa ne da nasu, don ni aka tambaya ranar da aka kawo ta, ni kuwa ban sani ba. Daga nan na ba su labarin kicin kamar yadda kika ba ni, har da ashobin.

Manaja ta sake kawo maganar haɗari. Na ce mata ni mai koyar da tuƙi ne. Idan ɗalibi ya kusa buge wani, ba na kulle shi a gareji, zama nake kusa da shi da ƙafata a kan birki. Na ce a ba Mama Inaya a gefenta lokacin cin abinci. Kada a sa mata kwano a gaba, balle ta raba. A ba ta aikin miƙa adiko da gaida mutane, a bar ta ta ga kwanuka suna komawa, sannan a zuba mata nata da zafinsa cikin tukunya a ƙaramin kicin na ma'aikata. Na karanto musu wurin da ƙa'idar ta yi maganar al'ada, a hankali, kamar ina karatun Littafi a coci. Hajar tana gefena tana gyaɗa kai.

Ma'aikaciyar council ta ce ba ta ga abin da ya hana a gwada ba. GP ya ce shi ma zai fi son ya zama ya yi kuskure. Manaja ta ce, "A cikin tukunya kuka ce?" Na ce a cikin tukunya. Ta ce to sai dai sabuwa, wadda gidan zai riƙa wankewa da kansa. Na fita na sayo a babban titi kafin ta canja ra'ayi.

Jedi, ranar farko Mama ta ɗaura ɗankwalinta da kanta. Inaya ta tura ta teburi teburi, Mama tana cewa, "Sannunku da zuwa, ku ci da yawa," Turawa suna amsa mata da nasu yaren, kowa ya gane kowa. Ta tsaya a kan Mista Bartholomew har ya share dame-damensa. Da aka kwashe, ta buɗe kwanukan ɗaya bayan ɗaya. Inaya ta ce daga nan ta ce wata kalma, ta kwaikwaya mini: madalla.

Mama ta ci rabin tukunya. Washegari ta cinye.

Ban shiga na gani ba tukuna. Na ji nauyi, ban san dalili ba.

Yayanki,
Kambai

*

Moss Side

Yayana na kaina,

Na yi tsallen, gwiwar ta yi ƙara, ban damu ba! Maƙwabciyata 'yar Jamaika ta bugo bango tana tambaya ko lafiya, na ce mata uwata ce ta cinye tukunya. Ranar Lahadi a zumuntar mata ta coci sai da na ba da shaida har aka karɓe makirufo daga hannuna.

Na janye maganar jarrabawar tuƙi. Ba duka ba, rabi. Ashe ƙa'idar nan taka tana da amfani idan aka sami mai karanta ta har ƙasa. Ka ce wa Hajar Allah ya ba ta abin da take nema, ka ce wa Inaya akwai atamfa tana zuwa.

Amma wane irin nauyi kake ji? Uwarka ce. Ka shiga kicin ɗin nan, Yaya.

Taka,
Jedi

*

Erdington
Watan Disamba

Jedi,

Gaisuwa. Nauyinta yana hawa. GP ya soke maganar jiran lokaci. Na mayar mata da zobenta, ya zauna. Manaja ta ce wasu tsofaffin ma sun fi ci yanzu, don ba mai son Mama ta buɗe kwanonsa ta ga saura. Mai dubawa ta hukuma ta zo makon jiya, Mama ta tare ta a ƙofa ta sa aka ba ta kujera da shayi kafin a bar ta ta duba komai.

Yau na shiga. Ba ta gane ni ba. Ta ce, "Malam, ka ci?" Na ce na ci. Ta ce ina kwanon. Dole Inaya ta zubo mini dankalin nan da aka murƙushe, wanda kin san na tsana, na cinye tas a gabanta. Ta duba kwanon, ta ce, "Kana ci kamar Kambai ɗina." Sannan ta jawo tukunyarta.

Na zauna a gefe na kalle ta har ta gama. Jedi, ashe idan Mama tana cin abinci waƙa take yi ƙasa-ƙasa, tana kaɗa ƙafa. Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?

Yayanki,
Kambai

*

Moss Side

Yaya,

Don ba ka taɓa shigowa kicin ba.

Likita ya sallame ni, ina zuwa ranar Asabar da sandata. Ka ce wa manaja ta ƙara kujera ɗaya. Tunda yanzu ka san hanya, ni da Mama za mu ci, kai ka kwashe kwanukan.

Sai na zo.

Ƙanwarka,
Jedidiah